Hutu a ƙaramin masaukin kan tsauni: ina za mu nufa daga Zariya, me kuma za mu shirya?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamar makaranta ce a Tudun Wada, Zariya. Maigidana ya yi ritaya, sai yaranmu suka haɗa mana kuɗi mu je mu huta na kwana huɗu. Babbar 'yarmu ta ce mu nemi irin ƙaramin masaukin nan na kan tsauni da ake biyan kuɗin kwana haɗe da karin kumallo. Ba mu taɓa irin wannan tafiya ba. Maigida yana da hawan jini, kuma ina son mu tafi da jikarmu 'yar shekara tara mai sikila. Ina ya dace mu je, me kuma ya kamata mu sani?

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya sa Alhaji ya ajiye aiki a sa'a, ya yi wa yaran nan albarka. Na daɗe ina aikin shirya wa iyalai da ƙungiyoyi tafiye-tafiye, kuma ba kasafai nake ganin 'ya'ya sun tuna cewa iyayensu ma suna bukatar hutu ba. Ku karɓi kyautar, kada ku bari a mai da ita kuɗin siminti.

Bari in fara da shawarata kai tsaye, sannan in kawo dalili. Ku tafi Filato, ku sauka a cikin Jos ko a bakin garin, ku kuma yi tafiyar a bazara. Kada ku tura wa kowa ko kwabo sai kin yi magana da mai masaukin baki da baki ta waya. Mambila, tsaunin nan na jihar Taraba, ta fi Jos kyau da shiru nesa ba kusa ba, amma ba wurin zuwa da yarinya mai sikila ba ce.

Abu na farko da ya kamata ki riƙe shi ne, irin wannan masauki gidan mutum ne. A Birtaniya da Ireland, inda al'adar ta fi kafuwa, mutum ne mai gida babba yake ware ɗakuna kaɗan ya riƙa saukar baƙi, shi da iyalinsa suna zaune a ciki, kuma sau da yawa shi ko matarsa ke dafa abin karin da safe. Mu ma abin ba baƙo ba ne gare mu, don kusan aikin da fatoma ke yi wa fatake ke nan a zamanin fataucin goro: ya ba ka ɗaki, ya ciyar da kai, ya gaya maka halin gari da inda ba a bi. Daɗin wurin daga nan yake fitowa, matsalarsa ma daga nan take. A otal akwai mai jiran baƙi ko da ƙarfe biyun dare ne, akwai kicin da ke aiki har dare, idan fanfo ya lalace a canza miki ɗaki. A ƙaramin masauki kuwa ana rufe ƙofa a kan lokaci, karin kumallo yana da sa'arsa, abincin rana da na dare ba sa cikin kuɗin da kika biya, kuma idan ɗakunan huɗu ne duk da mutane a ciki, to wanda aka ba ki shi ne naki. A kan tsauni kuma, inda mai shayi mafi kusa zai iya kasancewa tafiyar rabin awa a mota, wannan bambanci ba ƙarami ba ne. Mafi yawan ɓacin ran da nake gani wajen matafiya daga nan yake tasowa: sun tafi gidan mutum da tsammanin otal.

A Nijeriya kuma kowa yana liƙa wa wurinsa sunan da ya ga dama. Za ki tarar da gidan baƙi na 'yan kasuwa, da gidan hutu na mishan, da tsohon gidan saukar baƙi na gwamnati, da gidan haya na 'yan kwanaki da ake kawo burodi da ƙwai da safe, duk suna tallan kwana da karin kumallo. Kada sunan ya ruɗe ki. Abin dubawa shi ne ko akwai wani mutum guda mai alhakin wurin da yake kwana a nan, wanda za ki iya ƙwanƙwasa masa ƙofa da dare idan yarinya ta tashi da ciwo.

Yanzu maganar tsayi, don shi ne ke yanke komai. Zariya tana kan tsayin kusan mita 650 daga teku. Jos tana kusan 1,200, duwatsun Shere da ke gabas da ita sun kai 1,829. Tsaunin Obudu a Kuros Riba kusan 1,600 ne, Mambila a Taraba ma haka, wasu sassanta sun haura 1,800, kuma a can yankin ne Chappal Waddi yake, tsauni mafi tsayi a Nijeriya, mita 2,419. A ƙa'ida, duk hawan mita 1,000 zafi yana raguwa da kusan digiri 6 da rabi. Ke nan Jos ta fi Zariya sanyi da wajen digiri 4, Mambila kuwa da wajen 6 ko fiye. A takarda kamar kaɗan ne, amma wanda ya kwana a Zariya a watan Afrilu, lokacin da zafin rana ke kusantar digiri 40 ga kuma rashin wuta, ya san digiri 4 shi ne tsakanin barci da juye-juye. Ciwon hawan tsauni na gaske, mai ciwon kai da amai, yawanci sai an haura mita 2,500 yake kama mutum, saboda haka ba abin tsoro ba ne a wuraren da na ambata. Sai dai iskar tana da ɗan sauƙi: a tsayin Mambila, kowane numfashi yana shigar da oksijin da ta gaza ta Zariya da kusan kashi 10 cikin 100. Mai lafiya ba zai lura ba sai ya zo hawan tudu ya ji haki. Mai sikila kuwa jininta yana lura.

Tafiya daga Zariya zuwa Jos don shan iska tsohuwar hanya ce. Daga Zariya aka ja ƙaramin layin dogon nan da ya bi ta Rahama ya hau tsauni har Bukuru a 1914 don kwaso kuza, aka rufe shi a 1957. Turawan mulki sun mai da Jos wurin hutunsu, shi ya sa aka gina otal ɗin Hill Station a 1938, 'yan mishan kuma suka kafa gidan hutunsu a Miango tun kafin nan. Yau a mota ana bi ta Pambeguwa da Saminaka da Jengre, kilomita 240 ko kusa da haka, awa huɗu zuwa biyar gwargwadon halin hanya. Ga mutane uku, biyu manya ɗaya yarinya mai lalura, da kwana huɗu kacal, wannan kusanci babban abu ne. Sannan Jos tana da asibitin koyarwa na jami'a. Idan ciwon yarinya ya tashi, mintoci ne tsakaninku da likitan da ya san aikin jini.

Mambila kuwa, kwana biyu za ku yi a hanya kafin ku isa, biyu kuma a dawowa, hutun ya ƙare ke nan a kujerar mota. Ana zuwa Jalingo, a bi ta Bali da Serti, daga Mayo Selbe a fara hawan da direbobi ke kira Biyu da Sisi, a fito Maisamari, Nguroje, har Gembu. Wanda ya kai can ya ga abin da bai zaci akwai shi a ƙasar nan ba: tuddai kore shar iya ganin ido, shanu suna kiwo a kansu, gonar shayi ta Kakara, dajin Ngel Nyaki, itatuwan turare jere a bakin hanya, ga nono da man shanu da fiya da ayaba a wadace. Ina son wurin ƙwarai, kuma ina fatan wata rana ke da Alhaji ku ware mako guda ku je ku biyu. Amma babban asibitin tarayya yana Jalingo, tafiyar awoyi masu yawa a kan hanya mai lanƙwashe-lanƙwashe. Ba zan ba da shawarar a kai 'yar sikila can ba.

Obudu ta fara ne a matsayin gandun kiwon shanu a 1951, a zamanin Gwamna Donald Duke kuma aka sa mata motar da ke tafiya a kan igiyar ƙarfe a sama a 2005. Babban wurin shaƙatawa ne mai ɗakuna da yawa, ba irin ƙaramin gidan da 'yarki take nufi ba, kuma nisanta daga Zariya ta Lafiya da Makurɗi da Gboko ya yi wa kwana huɗu yawa. Wasu za su ce miki ga Kajuru nan kusa, gidan dutsen da wani Bajamushe ya gina a shekarun 1980. Ginin abin kallo ne, amma a Afrilun 2019 'yan bindiga sun kai hari wurin suka kashe mutum biyu, ciki har da wata 'yar Birtaniya ma'aikaciyar agaji, kuma yankin ya sha fama da satar mutane. Ba zan tura iyali su kwana can ba.

Filaton ma dole in faɗa miki gaskiya a kanta. Ƙananan hukumomin Bassa da Riyom da Barikin Ladi da Bokkos da Mangu sun ga hare-hare masu muni a 'yan shekarun nan, har da na jajibirin Kirsimeti na 2023, kuma Jos kanta ta ga rikice-rikice tun daga 2001. Akasarin ranaku garin lafiya lau yake, mutane na kasuwancinsu, amma baƙo ba ya tafiya da ka. Shi ya sa na ce cikin gari ko bakinsa, ba wani gida tilo a ƙauye ba komai kyan hotonsa. Ki nemi wani naku mazaunin Jos, da wuya a rasa Bazazzagi a can, ki faɗa masa sunan unguwar da masaukin yake ki ji abin da zai ce. Ki sake kiransa ana gobe za ku tashi. Idan ya ce ku dakata, ku dakata, ko da kafin alƙalamin zai salwanta.

Na ce bazara, wato Maris zuwa farkon Afrilu, saboda yarinyar. A Disamba da Janairu sanyin dare a Jos yakan sauko kusan digiri 10, wani lokaci ƙasa da haka, ga iska busasshiya mai ƙura. Sanyi da ƙarancin ruwa a jiki da gajiya su ne manyan abubuwan da ke tayar da ciwon sikila, kuma hunturun Jos ya haɗa biyun farko. A tsakiyar damina kuma, Yuli da Agusta, ruwa ne kusan kullum, duwatsu na santsi, tufafi ba sa bushewa. A bazara rana tana da ɗumi, dare yana da sanyi mai daɗi, kuma lokacin ne kuka fi bukatar tserewa daga zafin Zariya.

Kafin ku sa rana, ki kai ta wurin likitanta, a asibitin koyarwa na Shika ne ko ina take zuwa, ki gaya masa inda za ku da tsayin wurin. Ya duba yawan jininta, ya rubuta muku gajeriyar takarda mai bayanin lalurarta da rukunin jininta da magungunan da take sha, ki ajiye a jakar hannunki. Idan ya ce a bar ta a gida, a bar ta, a yi mata tsaraba mai kyau. Idan ya amince, to aikinki a can uku ne: ɗumi, ruwa, hutu. Rigar sanyi da safa da hula tun kafin magariba, ba sai ta fara rawar ɗari ba. Wanka da ruwan ɗumi da hantsi, ba da asuba ba, kuma ban da shiga ruwa a magangara irin ta Assop, don ruwan sanyi ƙarara kan iya tayar da ciwo nan take. Ruwan sha kuma sai kin bi ta da shi, domin a wuri mai sanyi mutum ba ya jin ƙishirwa alhali jikinsa yana ƙafewa. Ta kwana cikin gidan sauro, ki tafi da naki, kada wani ya ce miki babu sauro a Jos. Zazzaɓi, ciwon ƙirji, haki, ciwo a gefen hagu na ciki, ko idanu da tafin hannu su yi fari fat: kowanne daga cikin waɗannan asibiti ne kai tsaye, ba jiran wayewar gari.

Shi kuwa Alhaji, idan jininsa yana daidai da magani, tsayin Jos ba matsala ba ne. Sanyi yana ɗan matse jijiyoyi ya ɗaga awon kaɗan, don haka ku tafi da na'urar awo da maganin da ya zarce kwanakin tafiyar. Kada ya ce hutu ya zo har da hutun magani. Idan yana da niyyar hawan dutse, ya fara gwada ƙafarsa a gida: ku je Kufena ta wajen Wusasa da sassafe, ya hau iya inda zai iya yana magana ba tare da numfashi ya sarƙe ba. Wannan ne ma'auninsa a can ma.

Akwai abu guda da nake so ki ɗauke shi da muhimmanci fiye da duk abin da na faɗa, shi ne gawayi. Mun saba idan sanyi ya matsa a shigo da kasko ko kurfoti ɗaki a rufe ƙofa da taga. Gawayin da ke ci a rufaffen ɗaki yana fitar da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da launi ba ta da wari. Tana shiga jini ta kama gurbin oksijin, mutum ya fara jin ciwon kai da jiri da tashin zuciya da wani barci mai nauyi, kuma da yake dare ne sai ya zaci gajiyar hanya ce ya gyara kwanciya. Haka ake wayar gari a tarar da iyali gaba ɗaya sun rasu. Garwashin da ya daina hayaƙi ma bai daina fitar da ita ba, wannan shi ne abin da mutane ba su sani ba. Hayaƙin janareta ma ita ce a cikinsa. Da kun isa, ki zagaya ki ga inda injin yake. Idan yana jikin tagarku ko a cikin baranda, ki ce a matsar da shi ko a canza muku ɗaki. Idan mai masauki don karamci ya kawo muku kaskon wuta, ku ji ɗumi a waje, ku bar shi a waje. Bargo biyu da safa sun ishe ku. Dattijo da mai ƙarancin jini suna cikin waɗanda wannan iska ta fi saurin kayarwa, kuma ke da su biyun za ki tafi.

Sai maganar kiran waya. Matambayi ba ya ɓata, kuma mai masauki na ƙwarai ba ya gajiya da tambaya, don shi ma ya fi son baƙon da ya san abin da zai tarar. Ki fara da abinci: wa ke dafawa, me ake kawowa, ƙarfe nawa. Idan shayi da burodi da ƙwai ne kullum alhali Alhaji ya saba da koko da ƙosai ko kunun gyaɗa, ki faɗa tun yanzu, ƙaramin gida yana iya canzawa idan an sanar da shi da wuri. A Jos ki roƙi gwaten acca da soyayyen dankalin Turawa, abincin ƙasar ne kuma sun iya shi. Ki tambayi inda suke sayen nama ba tare da jin nauyi ba, da ko ana dafa naman alade a kicin ɗin, da ko ana sayar da giya a harabar. Idan wata rana tafiya ta kai ku Ingila, ki sani karin kumallonsu na gargajiya akwai naman alade iri biyu ko uku a faranti guda, sai an faɗa tun wajen kama ɗaki. Ki tambayi yadda za a yi da abincin dare: za su dafa a biya daban, ko za a bar ki ki shiga kicin, ko sai an fita. Ni na fi son wurin da za su dafa, don fitar dare a garin da ba naka ba ba hutu ba ne.

Daga nan ruwan zafi: hita ce a banɗaki, ko a bokiti ake kawowa? Bokitin ba aibi ba ne, ya ma fi hitar da ba wuta. Wuta fa, sola ce ko janareta, daga ƙarfe nawa zuwa nawa? Banɗakin a cikin ɗaki yake ko na tarayya ne? Matakala nawa ne daga inda mota ke tsayawa zuwa ɗakin? Gidajen kan tudu sukan ɓoye wannan a hoto, kuma gwiwar mai ritaya ba ta ɓoye shi. Wane layin waya ke da sabis a wurin? Ƙarfe nawa ake kulle ƙofa, akwai maigadi, kuma akwai motar da za ta fita da mara lafiya da dare? Daga ƙarshe ki ce ya kira ki ta bidiyo a WhatsApp ya nuna miki ɗakin da banɗakin da ƙofar gida a yadda suke yau. Wanda ya yi ta kwana-kwana a kan wannan, ki bar shi.

Kuɗi kuma a rubuce: nawa ne ɗaki a kowane dare, karin kumallon na mutum nawa ne, yarinyar za a ƙara mata katifa ko sai an biya, me zai faru idan kun fasa. Ki biya na dare ɗaya a matsayin kafin alƙalami, sauran sai kin gani da idonki. 'Yan damfara suna kwashe hotunan gidajen mutane su buɗe shafi a Facebook ko Instagram, saboda haka ki duba sunan asusun da za ki tura wa ya dace da sunan wurin ko na mai shi, kuma idan da hali ɗan'uwan nan naku na Jos ya taka ya gano. Ku riƙe tsabar kuɗi daidai gwargwado, don tiransifa takan maƙale inda sabis ba shi da ƙarfi.

Ku tashi daga Zariya bayan gari ya waye sosai, ku yi niyyar isa kafin la'asar. Ban da tafiyar dare, zuwa ko dawowa. Bakanike ya duba birki da taya da safaya da ruwan lagireto kwana biyu kafin tafiya, ba ranar ba. Wajen gangarowa daga tudu direba ya sa mota a lamba biyu ya bar inji ya riƙe ta. Wanda ya ɗora ƙafa a kan birki tun daga sama har ƙasa, birkin zai yi zafi ya daina kamawa daidai inda aka fi bukatarsa. Idan Alhaji bai saba doguwar tuƙi ba, ku ɗauki direba, amma ki tambayi masaukin ko suna da wurin kwanansa, kada bawan Allah ya kwana a mota cikin sanyi.

Ta fuskar ibada, tafiyar ta wuce mil 48, wato kusan kilomita 80, da malamanmu na Malikiyya suka sa a matsayin nisan ƙasaru. Idan niyyar zamanku ta kai cikakkun kwana huɗu za ku cika salla da isarku, ƙasa da haka ƙasaru ne. Tunda naku yana bakin iyaka, ku zauna da malaminku ku lissafa ranar shiga da ta fita. Ki tafi da buta da darduma, kada ki ɗauka za ki tarar. Alƙibla daga Zariya gabas ce mai karkata arewa, kusan digiri 67 daga arewa, a Jos ma kusan haka take, amma a Gembu ta ƙara karkata zuwa wajen 59. Manhajar waya ta isa, ko ki tambayi masallaci mafi kusa. Ki roƙi a ajiye muku ruwan zafi a fulas tun da dare saboda alwalar asuba.

Tunda gidan mutum za ku, ku shiga da ladabin baƙunta. Ɗan kilishi ko alkaki ko dabino da za ki miƙa wa matar gidan ranar isowa yana buɗe ƙofofin da kuɗi ba ya buɗewa. Idan za ku makara a hanya ku kira. Idan ba za ku ci karin gobe ba ku faɗa tun dare, don wani ne zai tashi da asuba ya dafa. Turaren wuta ki nemi izini kafin ki kunna. Idan gidan na Kirista ne, kuma a Filato akwai yiwuwar haka sosai, za ki ji suna addu'arsu da safe kamar yadda za su ji kuna taku, kuma a abin da na gani irin waɗannan gidaje suna girmama baƙon da ya girmama su. Ma'aikatan da ke share ɗaki da ɗebo ruwa kuma a yi musu ihsani hannu da hannu ranar tafiya.

Game da yadda za ku ci kwanakin, roƙona shi ne kada ku cika su da yawo. Mutanenmu idan sun biya kuɗi sai su ga dole a ga komai, a dawo gida a gajiye fiye da yadda aka tafi. Ranar farko ku zauna kawai. Sauran ranakun fita ɗaya ta isa, da hantsi. Gidan tarihi na Jos, wanda wani Bature masanin kayan tarihi, Bernard Fagg, ya kafa a 1952, yana da gumakan yumɓu na tsohuwar al'ummar Nok, kuma a kusa da shi akwai wurin da aka kwaikwayi gine-ginen gargajiya, har da na tsohon masallacin Juma'a na Zariya. Malamar makaranta za ta ji daɗinsa, yarinya ma haka. Gandun namun daji na Jos yana nan tun 1972. Ki saya mata sitiroberi, a yankin ake noma shi, a wanke sosai. Tafkunan da za ku gani masu ruwa a kwance gwanin sha'awa yawancinsu ramukan haƙar kuza ne, suna da zurfi da gaɓa mai zaftarewa, a kalle su daga nesa. Idan za a hau dutse a nemi ɗan jagora ɗan ƙasar, don wasu duwatsun wuraren al'ada ne da ba a yarda baƙo ya taka ba, kuma a nemi izinin mutum kafin a ɗauke shi hoto. Yarinyar ta tsaya a gindin dutse tare da ke.

Da rana ku yi ƙailula. Da yamma ku fito da kujeru ku sha shayi. Ki gaya wa yara lokaci guda da za su riƙa kira, bayan shi a ajiye waya. Mutumin da ya yi shekara talatin da wani abu yana fita aiki kullum da safe, watannin farko na ritaya sukan yi masa nauyi ko bai faɗa ba, kuma da wuya ya faɗa a gidan da baƙi ke sallama tun daga hantsi har isha. Ki ba shi sarari ya yi magana, wannan yana cikin abin da yaranku suka biya.

Ranar dawowa ku karya da wuri, ku biya sauran kuɗi ku karɓi rasit, ku kama hanya kafin ƙarfe tara don ku shigo Zariya da rana tsaka. Zafin gida zai buge ku bayan sanyin can, don haka a ci gaba da bin yarinya da ruwa a mota. Idan wani cikinku ya yi zazzaɓi a mako biyun da suka biyo baya, a je a yi gwajin maleriya, a kuma gaya wa likita inda kuka je. Allah ya kai ku lafiya ya dawo da ku lafiya, a gaida Alhaji.